Memorin da Ya Cika a Tsafe

A shekarar da gwiwoyin Inna suka kumbura, ta daina zuwa ko'ina. Tun bayan rasuwar Baba take zaune tare da mu a Tudun Wadar Gusau, ni da maigidana da yara. Kafin ciwon, da wuya wata ya ƙare ba ta hau mota ba, ko dai zuwa Tsafe wurin yayarta, wadda muke kira Inna Babba, ko zuwa Bungudu wurin ƙanenta, Kawu. Su uku suka rage a ɗakinsu. Da ƙafa ta ƙi, sai tafiyarta ta koma daga gado zuwa tabarmar tsakar gida. Waya kuma ba ta gamsar da ita. Kunnen Inna Babba ya yi nauyi, sai su yi ta ɗaga murya kowa na faɗin nata har layi ya katse. Kawu kuwa ya rage kira, in mun neme shi matarsa ce ke ɗauka, ta ce yana gona ko ya tafi masallaci.

Maigidana malamin gona ne, yana da wata 'yar kyamara da yake yawo da ita ƙauyuka, irin wadda ake ganin hoto a bayanta nan take. A lokacin wayoyinmu ba sa ɗaukar hoton kirki. Wata rana ya ɗauki yara suna cin gyaɗa, aka miƙa wa Inna ta gani. Ta daɗe tana kallon ɗan gilashin nan. Da yake akwai kunya tsakaninta da surukinta, sai da ya fita sannan ta yi mini magana.

"In an yi hutun makaranta, ki tahi da wanga abu ki ɗauko mini su. In gan su dai."

Ina koyarwa a firamare, hutu kuma ya zo daidai da tafiyar maigidana kwas a Zariya. Ya yarda ya bar mini kyamarar, amma da sharaɗi. Ya buɗe wata 'yar ƙofa a gindinta ya nuna mini memori, ɗan kati bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, ya ce duk hotuna a ciki suke zama. Fiye da rabinsa cike yake da hotunan ganyen masara da tsutsa ta ci, waɗanda ya tara a gonakin mutane tun farkon damina, kuma bai kwafe su ko'ina ba don kwamfutar ofishinsu ta lalace. Ya nuna mini inda ake goge hoto ɗaya, ya nuna mini inda ake share komai gaba ɗaya, ya ce wannan na biyun ko kusa da shi kada in je. Nasa kuma kada in taɓa ko guda.

Ni mutum ce mai wasiwasi. In na kulle ƙofa na yi nisa, sai na dawo na girgiza kwaɗon. Tun daga tashar Gusau nake buɗe jaka ina shafa kyamarar. Da bas ta fita gari, sai ga dawa da gero sun yi kore shar a kowane gefe, ga dutsen Kwatarkwashi hadari ya sauko masa har kafaɗa. Na yi ta ɗauka ta taga, rabi duk ya fito a karkace, ban damu ba, don ban san wurin da ke cikin memorin yana ƙarewa da sauri haka ba.

Inna Babba doguwa ce siririya, sana'arta daddawa, gidan duk ƙamshinta yake. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, sai da na maimaita a kunnenta, ta ce ba mai ɗaukarta a haka. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ciro atamfa daga ƙasan akwati, ta zauna a kujera ta sandare kamar mai jiran hukunci. Amma da na juya kyamarar ta ga kanta, sai ta saki jiki, ta koma ita ke ba da umarni. In ɗauki turmin mahaifiyarsu da har yanzu ake daka a ciki. In ɗauki tsamiyar bayan gida. Ta buɗe baki ta ce in ɗauki haƙoranta, ƙanwarta ta ga abin da ya rage. Ta ɗage zani kaɗan ta miƙo ƙafa.

"Ɗauki wagga ma. Ta gani tawa ma ta kumbura, amma ina tahiya."

Kafin la'asar labari ya zagaya unguwa. Surukanta suka yi kwalliya, jikoki suka jeru, maƙwabta suka shigo da jarirai, kowa na cewa in an wanke a aiko masa da nasa. Ina cikin ɗaukar wata tsohuwa ƙawar Inna ta ƙuruciya, sai kyamara ta ƙi. Na danna, na sake dannawa. Wani rubutu ya fito yana cewa wuri ya cika.

Na koma gefe na zauna a kan turmin nan, na shiga bin hotuna baya-baya. Na goge duk na hanya, har da dutsen. Na goge waɗanda suka yi dishi-dishi, ban da guda ɗaya da Inna Babba ke dariya ta kau da kai, don duk ya fi kama da ita. Na ɗauki tsohuwar da sauran waɗanda ke jira, wuri ya sake cika. Sai na isa ga ganyayen maigidana. A idona duk iri ɗaya ne, ganye da huda, ganye da huda, ba iyaka. Yatsana ya daɗe a kan maɓallin. Na kira shi in roƙi ko kaɗan ne, wayarsa a kashe, suna aji. Na bar su. Ga shi ban ko je Bungudu ba.

Da safe wata surukar Inna Babba ta kwatanta mini wani shago kusa da tasha, inda ake buga takardu da kwamfuta. Mai shagon dattijo ne mai tabarau, ya ce zai iya juye mini hotunan a faifai, amma an ɗauke wuta, kuma ba ya tada janareta sai mutane sun taru. Na zauna a benci tare da masu jiran a kwafe musu takardu. Na tashi na leƙa titi, na dawo, na sake tashi. Motocin Gusau na cika suna tafiya a kan idona, gabas kuma ta fara haɗa hadari.

Da janareta ya tashi, ya zare memorin ya sa a wani ɗan akwati da ke haɗe da kwamfutar. Nan take wani jan rubutu ya fito da ƙara. Na tambaye shi mene ne, ya ce bairos ne, ciwon kwamfuta, kullum haka take yi, in kwantar da hankalina. Hankalina bai kwanta ba. Ina tsaye a bayansa har wani koren layi ya gama rarrafe daga wannan gefe zuwa wancan, faifai ya fito da ɗumi. Ya tambaya ko ya share mini memorin tunda an juye, na ce a'a da sauri har mutane suka waigo. Na roƙe shi ya mai da faifan ya buɗe in gani da idona. Ya buɗe, sai ga ƙafar Inna Babba ta cika allon, mazan da ke layi duk suna kallo. Kunya ta kama ni, na ce ya isa. Na so ya yi mini na biyu, ya ce wannan ne kaɗai ya rage masa. Ya gargaɗe ni kada in bar shi a rana, kada ya karce, kada a danne shi.

Na ɗaga faifan na duba. Ba abin da na gani sai fuskata da wasu launuka. Hoto a bayan kyamara ina ganinsa, na san yana nan. Wannan kuwa sai dai in yarda da maganar mai shago.

Na naɗe shi a ɗankwali na sa a jaka, tsakanin kayana da ƙullin daddawar da aka ba ni in kai wa Inna. Kwandasta ya so ya sa jakar a but, na hana. Na rungume ta a cinya, sai na ji zafin inji na tasowa daga ƙarƙashin kujera, na ɗaga ta zuwa ƙirji. Matar da ke kusa da ni tana da goyo mai ƙiriniya, sai miƙo ƙafa yake yana taka jakar. Duk ramin da mota ta faɗa sai na ji kamar wani abu ya tsage. Haka na iso Gusau hannuwana sun sage.

Ban biya gida ba. Na san in Inna ta riƙe kyamarar ba za ta sake ta ranar ba, yara kuma za su maƙale mini. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa Sabon Gari, wurin masu sai da kayan waya, na nemi sabon memori. Wani mai tebur ya ciro mini guda a cikin leda mai ƙyalli, ya rantse zai ɗauke hoton mutanen Gusau kaf bai cika ba. Muka gwada, na ɗauki teburinsa, hoton ya fito. Na zare tsohon na naɗe a takarda, na ƙulle a haɓar zanina. A motar Bungudu hannuna ɗaya na kan jaka, ɗaya na kan ƙullin.

Matar Kawu ta tare ni tun a zaure. Ta riƙe hannuna, ta ce in tsaya ta faɗa mini wani abu kafin in shiga. Tun kafin ruwa ya sauka Kawu ya faɗi a gonarsa ta bakin gulbi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sun kai shi asibiti a Gusau, ya yi kwanaki a can, kusa da mu, ba wanda ya sanar da mu. Shi ya hana, don Inna na da hawan jini. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na ga yadda matar ta rame, sai na haɗiye abin da zan ce.

Kawu mutum ne mai barkwanci da babbar murya, tun daga bakin titi ake jin dariyarsa. Na same shi a kujera, bakinsa ya karkace, hannun hagu na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ya gane ni, ya yi murmushi da rabin fuska. Maganarsa a hankali take fita, sai an kasa kunne. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa saƙon Inna. Sai ya juyo mini da ɓarin dama.

"Ta nan za ki ɗauke ni, ɗiyata. Wancan ɓarin ki bar muna shi nan gida."

Na ce to, ba don na yarda har zuciya ba. Aka sa masa babbar riga, aka ɓoye hannun a cikinta, aka tokare bayansa da matashi, aka gyara hula. Aikin ya ɗauki lokaci, yana ta gumi. Na ɗauke shi a tsakar gida da ƙofar ɗaki, shi kaɗai da kuma tare da iyalinsa, ba tsoron cikar wuri. Hotunan sun yi kyau. Wanda bai sani ba zai ce lafiyayyen dattijo ne ya waiga yana kallon wani abu.

Bayan na yi sallar azahar, wasiwasina ya motsa, na ce bari in sake dubawa. Na farko ya buɗe, na biyu ya buɗe, sai allon ya yi baƙi da wani rubutu cewa ba a iya buɗe hoton. Na wuce gaba, haka. Na dawo baya, har na farkon ma sun tafi. Na zare memorin na hura masa iska, na goga a zani, na cire batir na mayar, na yi bisimilla na kunna. Babu komai. Daga baya aka gaya mini jabu ne, girman da aka rubuta a jikinsa ƙarya ne, kaɗan yake ɗauka sannan ya cinye abin da ke ciki.

Na ce zan koma Gusau in dawo gobe da wani. Matar Kawu ta ce gobe da sassafe za su kai shi wani ƙauye wurin mai maganin gargajiya da ke gasa wa masu shanyewar jiki, kuma ba su san ranar dawowa ba. Na shiga na faɗa wa Kawu abin da ya faru. An riga an cire masa rigar, yana kishingiɗe a tabarma da 'yar shara, ya gaji liƙis. Ya ce ba zai iya sake wancan shirin ba, in ɗauke shi yadda yake. Can kuma ya tambaya ko gaskiya ne abin yana ɗaukar magana. Na ce yana ɗauka, har da motsi. Ya ce to yana son ya yi wa yayarsa magana.

Na kwance ƙullin haɓar zani na mai da tsohon memori. Maigidana ya faɗa mini ɗaukar motsi na cin wuri sosai, ga memorin a cike. Ko dai ganyensa, wanda ba shi da kwafi ko'ina, ko mutanen Tsafe, waɗanda ke cikin faifan da ya sha ramuka da ƙafar goyo. Na ciro faifan na juya shi a haske, ban ga karce ba, amma me na sani? Na fara da maƙwabta. Kowane hoto sai kyamarar ta tambaya ko na tabbata, in ce na tabbata. Na wuce jikoki da surukai, na goge tsamiya da turmi. Na duba, wurin bai kai ba. Na shiga na Inna Babba, da atamfarta da haƙoranta da ƙafarta. Na dariyar nan na bari a ƙarshe, shi ma na goge.

Na durƙusa a gabansa na danna. Ya yi gyaran murya.

"Yaya, ga ni. Kada ki tada hankalinki. Hannu ne da baki, sauran lahiya lau. Ina cin tuwo, ina sallah."

Ya ci gaba a hankali, yana tsayawa yana neman kalma. Yana tsakiyar magana jar fitilar da ke nuna ana ɗauka ta mutu, rubutun cikar wuri ya sake fitowa. Ban faɗa masa ba. Na ci gaba da riƙe kyamarar a gabansa har ya kai aya, ya ce a gaida yara.

Ruwa ya tare mu a hanya, na iso gida jiƙe, jaka a ƙarƙashin mayafi. Inna ta fara tambayar yayarta, na ce nata suna cikin faifai sai gobe. Na zauna kusa da ita, na ce Kawu ba shi da lafiya amma yana samun sauƙi, sannan na kunna. Ta kawo gilashin dab da idonta. Da ya katse ta ce in sake, na sake. Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi tun yaushe, na faɗa mata. Ta ce da ma jikinta ya ba ta, don ƙanenta ba mutumin da mace za ta riƙa amsa masa waya ba ne. Sai ta tambayi abin da ya faɗa bayan an yanke. Na tuna ya nemi ta yafe masa ɓoyewar, na tuna ya ce yana marmarin dambunta. Akwai sauran da ban riƙe ba, don a lokacin hankalina na kan faifai. Ta ce in ƙara tunawa, na kasa.

Washegari tun kafin a buɗe shagon wanke hoto ina bakin ƙofa. Mai shagon ya sa faifan, ya yi ta gurnani a cikin kwamfuta, ni kuma na kasa zama. Can hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kaɗan daga na ƙarshe sun ƙi buɗewa, ciki har da na tsohuwa ƙawar Inna, amma na Inna Babba suna nan duka. Na sa aka wanke su, aka kuma juye maganar Kawu da ganyayen maigidana a faifai biyu, na ajiye ɗaya a akwatina, ɗaya a gidan ƙanwata.

Inna ta bi hotunan ɗaya-ɗaya. Ta shafa na turmin. Da ta zo kan ƙafar ta yi dariya, ta ce tsohuwar nan har yau ba ta bar gasa da ita ba. Amma ba ta daɗe a kansu ba, ta tura su ƙarƙashin matashi. Ashe tun ina shago ta sa an kira matar Kawu ta ce kada su kai shi ko'ina, ruwan jiya ma ya hana su fita. Ta aike ni gidan maƙwabcinmu mai mota in roƙa mata alfarma. Na tuna mata da abin da likita ya ce game da gwiwarta, ta ce likita ba shi da ƙane a Bungudu.

Muka kwantar da ita a kujerar baya, muka tokare ƙafafun da matasai. Duk gargadar hanya tana cije leɓe. A ƙofar gida sai da mata biyu suka tallafe ta. Da ta shiga ta tsaya a kansa, dafe da kafaɗata, ta dube shi sosai. Ta fara yi masa faɗa kamar yaro, shi kuma yana nuna matarsa da hannun dama wai ita ta ɓoye, matar na rantsuwa. Da faɗan ya ƙare aka shimfiɗa mata tabarma kusa da tasa, ta ce a kawo man shanu, ta ɗauki hannun nan na hagu ta ɗora a cinyarta ta shiga murzawa.

Da la'asar mai mota ya ce mu kama hanya. Inna ta ce mu sauka lafiya, ita tana nan. Na yi magiya, na ce magungunanta na gida, kayan sawarta na gida. Ta ce ai na san hanya. Ba ta dawo Tudun Wada ba sai bayan an yanke gero, lokacin Kawu ya fara takawa da sanda zuwa zaure. Sauran hutun nan duk a motar Bungudu na ƙare shi, yau in kai magani, jibi in kai zannuwa da garin dambu, in na dawo kuma in tarar ta sa an kira ta ce na manta carbinta.